Daurama Da Amina Cikin Wasan Dauloli: Wa Ya Cancanci Kujera?

Tun ran 11 ga Fabrairu, 2025, sa'ad da wani kamfanin Amurka mai suna Firaxis ya fito da kashi na bakwai na wasan kwamfuta da a ke kira Civilization, gardama ta kaure tsakanin masu buga shi a kan waɗanne al'ummu aka sa, waɗanne kuma aka bari a waje. Gardamar ba sabuwa ba ce, kullum aka fito da sabon kashi sai ta tashi. Abin da ya sa ta shafe mu a wannan karo shi ne an sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin jerin shugabannin da mai wasa zai zaɓa, amma ba a sa ƙasar Hausa cikin jerin dauloli ba. Watau an shigo da sarauniya fada, an bar jama'arta a bayan ganuwa.

Mun sani wani dattijo zai ce ina ruwan jarida da wasan yara. To, a yi mana haƙuri a ji dalili. Tun daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, ba a ƙaddamar da maido shi ba sai cikin 2022. Yaran da suka tashi a tsakanin nan, da yawansu ba su taɓa jin sunan Bagauda ko Korau daga bakin malami a aji ba. Amma wanda ya sami kwamfuta a cikinsu ya san Mansa Musa, ya san Shaka na Zulu, ya san har irin mashin da mayaƙansa ke riƙewa, ba kuwa a littafi ya gani ba. Haka kuma yaron da ke Jamus ko Koriya, wanda ba zai taɓa taka ƙasar Katsina ba, abin da ya gani cikin wasan nan shi ne iyakar saninsa game da mu. Don haka malaman makaranta da akawunan majalisun sarakuna, waɗanda su ne ke riƙe da alli da takardun tarihi, ya kamata su san abin da a ke ciki.

Yadda Wasan Ya Ke

Wanda ya san dara ya san rabin abin. Bambancin shi ne a nan gurbin ƙasa ce, 'ya'yan kuwa garuruwa ne da runduna da ayari. Mutum zai zaɓi al'umma guda, ya kafa gari, ya yi noma, ya haƙa ma'adinai, ya gina makarantu da kasuwanni, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya kai musu yaƙi, tun daga zamanin dutse har zuwa zamanin jirgin sama. Kowace al'umma an ba ta shugaba, da irin mayaƙinta, da irin gininta, da wata baiwa da ta fi saura. Wani Bature mai suna Sid Meier ne ya fara shirya shi cikin 1991, da al'ummu 14. Daga Afirka duka biyu rak aka ɗauka, Masar da Zulu.

Sannu a hankali aka riƙa buɗe ƙofa. Mali ta shiga cikin 2005 da Mansa Musa, Habasha cikin 2007, Songhai cikin 2010 da Askiya, Maroko cikin 2013, Kongo cikin 2016, Nubiya cikin 2017. A cikin 2019 aka sa Birnin Ngazargamu na Barno, amma ba a matsayin daular da mutum zai riƙe ba, sai ɗan ƙaramin birni da manya ke neman goyon bayansa. Kashi na bakwai ya fito da al'ummu kimanin 30, an raba su zamani uku, aka kuma raba shugaba da ƙasarsa, kowane shugaba yana iya jan kowace al'umma. Na Afirka da ya fito da su su ne Masar da Aksum a zamanin farko, Songhai a na tsakiya, Buganda a na ƙarshe.

To, ga inda abin ya zama abin dariya. Wanda ya zaɓi Amina, kuma yana son ya tsaya cikin Afirka, sai ya fara da ita tana mulkin Aksum ta ƙasar Habasha, sa'an nan ta koma Songhai ta bakin Kwara, ta ƙare a Buganda ta ƙasar Yuganda. Ba inda ta taɓa sa ƙafa cikin ukun nan. Songhai ma ita ce daular da Leo Africanus ya rubuta cewa ta kai wa Kano da Katsina da Zazzau yaƙi a zamanin Askiya Muhammadu, ko da ya ke masana na jayayya a kan iyakar gaskiyar wannan labari, ita ce kuma Kanta na Kabi ya yi wa tawaye wajen 1516. Da a ce an ɗauki Napoleon an ɗora shi kan mulkin Ingila don wai duk Turai ce, da mutanen Faransa ba su yi barci ba.

Daura A Taswirar Mutanen Suwidin

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Daura ta riga Zazzau da Kano samun babbar kujera a irin waɗannan wasanni. Ran 1 ga Satumba, 2020, kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fito da Crusader Kings na uku. Wannan ba al'umma a ke riƙewa ba, gida a ke riƙewa, sarki ya mutu ɗa ya gaje shi, har ƙarnuka su shige. A cikin 'yan sarakunan da kamfanin ya fito da su a fuskar wasan, ya ce ga waɗanda ya kamata a gwada idan za a fara daga shekarar 867, akwai Magajiya Daurama ta Daura, tare da mijinta Bayajidda. An jera ta da irin su Rurik wanda ya kafa gidan sarautar Rasha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen da ba su san ko akwai wata ƙasa Katsina ba sun san sunan Daurama, sun kwana suna ƙoƙarin tsare mata gadon sarauta.

Amma fa akwai abubuwa biyu da ya kamata a duba.

Na farko shi ne shekarar. Ba wani Girgam ko kundin Kano da ya ce Daurama na mulki a 867. An zaɓi wannan shekara ne saboda al'amuran Turai, lokacin da mayaƙan arewacin Turai ke mamaye Ingila, sa'an nan aka nemi wanda za a ajiye a kowane gurbi na taswira. Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Bisa ga labarinmu, Bayajidda ya haifi Bawo, Bawo ya haifi Bagauda, kuma bisa ga ƙididdigar da H. R. Palmer ya yi wa tarihin Kano da ya fassara cikin 1908, Bagauda ya fara sarauta a 999. Daga 867 zuwa 999 shekara 132 ke nan tsakanin kaka tana kan gado da hawan jikanta. Abu ne mai wuya. Masu ganin cewa Bayajidda shi ne Abu Yazid, wanda ya yi wa Fatimawa tawaye a Arewacin Afirka ya mutu cikin 947, su ma lissafinsu bai kai baya har 867 ba. Akwai kuma masana irin su Abdullahi Smith, wanda tun cikin 1970 ya nuna cewa labarin Bayajidda ba zai iya zama bayanin yadda ƙasashen Hausa suka kafu ba, domin birane da sarautu sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da garuruwa, ba ranar da aka sare kan macijiya ba. Labarin ma da kansa ya yarda da haka. Ai Bayajidda ya tarad da gari da rijiya da sarauniya, ya tarad da maƙera a Gaya da suka ƙera masa wuƙa, kuma kafin Daurama an lissafa Magajiyoyi tun daga Kufuru a Tsohon Birni. Baƙo bai kawo mulki ba, ya tarad da shi.

Na biyu shi ne abin da aka ce Daurama ta yi. Kamfanin ya sa wata lambar yabo mai wuyar samu, wadda sunanta da Hausa shi ne "Uwarmu Duka". Ba a samunta sai an fara da Daurama, zuriyarta ta gyara wani addinin gargajiya na Afirka ta yi masa tsari, sa'an nan ta juyar da nahiyar duka zuwa gare shi. Addinin da aka ba ta tun farko kuwa an kira shi Bori. Ba mu musun cewa kafin Musulunci ya kafu kakanninmu sun yi tsafi, tarihin Kano ma bai ɓoye Barbushe da Tsumburbura ba. Amma bori bai taɓa zama addinin da ke fita yaƙi don ya tuba da mutane ba, kuma hanyar da ƙasar Hausa ta bi a gaskiya ita ce ta Wangarawa da suka zo Kano zamanin Yaji, da Al-Maghili da ya rubuta wa Muhammadu Rumfa littafin yadda a ke mulki, da hasumiyar Gobarau a Katsina. Wasa wasa ne, an kuma yi shi don mutum ya juya tarihi yadda ya ga dama. Sai dai wanda bai san asalin labarin ba, ba zai san an juya ba. Shi a wurinsa Daura ita ce garin da a ke tashi don a kori Musulunci daga Masar.

Shekara guda bayan wannan, cikin Agusta 2021, kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa da Habashawa cikin Age of Empires na uku. A nan an ba Hausa cikakkiyar kujera, Amina ce shugaba, Kano ce babban birni. An yi ƙoƙari ƙwarai. An sa barde mai lifidi, kuma tarihin Kano ya ce Kananeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. An sa maharbin Fulani, an sa shanu cikin dukiya. Amma zaƙaƙurin mayaƙin fada sai aka raɗa masa suna Maigadi. Kowane akawu ya san gadi kalmar Turanci ce da ta shigo tare da kantunan Turawa da ofisoshinsu. Da an tambayi ko da yaron Sarkin Dogarai ne, da ya ce dogari, ko ɗan bindiga, ko ɗan sulke. Mawaƙin kuma aka kira shi da kalmar da Faransawa ke kiran mawaƙan Mali da Senegal, alhali ga maroƙi, ga makaɗi, ga sanƙira. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke nuna cewa an karanta mu a littafi, ba a zauna da mu ba.

Da Wane Mudu A Ke Awo?

Masu cewa Hausa ba ta cancanci kujera cikin Civilization ba suna da hujjoji, kuma bai kamata mu tsallake su ba don ba su yi mana daɗi ba.

Babbar hujjarsu ita ce ƙasar Hausa ba ta taɓa zama daula guda ba. Gaskiya ne. Kano da Katsina sun shafe ƙarnuka suna gwabzawa, Gobir ta ci Zamfara, Kwararrafa ta shigo har cikin birni, ba wani sarki da ya taɓa haɗa Hausa Bakwai a ƙarƙashin tambari ɗaya. To amma Girka fa? Tun 1991 ta ke da kujera, alhali biranenta, Atina da Sparta da sauransu, ba abin da suka fi ƙwarewa a kai kamar yaƙar juna. Maya ta ƙasar Amurka ta Tsakiya ita ma birane ne barkatai, an kuwa sa ta. Abin da ya haɗa Girkawa shi ne harshe da addini da ciniki da labarin asali. Su ne kuma suka haɗa Hausawa, labarin asalin kuwa a Daura ya ke, a bakin rijiyar Kusugu. Har ma labarin ya raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Mai shirya wasa da ke neman tsarin da zai bambanta wata al'umma da saura, ga shi an dafa an ajiye masa: kowane birni da sana'arsa, ƙarfin ƙasa kuwa yana ga haɗuwarsu. Sai dai a lura, na ƙarshen nan, watau bayi, ba abin da za a share ba ne don a yi mana kwalliya. Wanda ke son a faɗi marinar Kofar Mata dole ya yarda a faɗi abin da a ke sayarwa a wani ɓangare na kasuwar Kurmi.

Hujja ta biyu ita ce shugabanninmu na farko labari ne, ba tarihi ba. Wannan ma akwai ƙanshin gaskiya. Amina kanta ba a daidaita a kan zamaninta ba. Tarihin Kano ya ajiye ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Waɗansu kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. Daurama ta fi ta nisa cikin hazo. Amma kamfanin da ya sa Gilgamesh ya ja Sumer cikin 2016, ya sa Dido ta ja Kartaj cikin 2012, ya sa Kupe ya ja Maori cikin 2019, ba shi da bakin cewa ba ya karɓar shugaban da labarinsa ya gauraya da almara. Dido ba ta bar wata sarauta da ke raye ba. Daurama kuwa sarautar Magajiya ba ta ɓace daga Daura ba, rijiyar na nan ana zuwa ganinta, kuma a kowace shekara a watan Mauludi ana hawan Sallar Gani.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce mai ƙarfi: kuɗi. Kamfani ba makaranta ba ne. Yana duban inda masu saye su ke. Shi ya sa aka sa Ostareliya cikin 2017 da Kanada cikin 2019, ƙasashen da ganuwar Kano ta girme su da ɗaruruwan shekaru. Ba mu ga laifinsu ba, mai talla inda a ke saye ya ke kai kayansa. Amma a daina kiran wannan mudu da sunan cancanta.

Idan kuwa da gaske cancanta a ke nema, mu a ganinmu ba faɗin ƙasar da aka ci da yaƙi kaɗai za a duba ba. A duba abin da al'umma ta ƙaga wanda maƙwabta suka ara. Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar ya kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai shi har Tumbutu da Tarabulus. Fatar da Turai ta daɗe tana kira ta Maroko, mai yawa daga cikinta jimar ƙasar Hausa ce. Fatake sun kai harshen har Gwanja da Salaga wajen neman goro, suka kafa zango a kowace hanya, yau ga shi ana watsa labarai da shi daga London da Beijing. Al'ummar da ta yi wannan ba da takobi ba, da alli da allura da jaki, ita ce irin wadda wasan ke ƙaranci, domin ya cika da masu cin ƙasa.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a kanmu ta faɗa. In da za a ce kujera guda tak za a bai wa wannan yanki, kuma da mudun masu wasan za a auna, watau daula ɗaya, sarki ɗaya, dogon zamani da rubutaccen tarihi, to Barno ta fi mu hujja. Gidan Saifawa ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulki, bai faɗi ba sai 1846. Mai Idris Alooma yana da limamin da ya rubuta yaƙe-yaƙensa, Ahmad ibn Fartuwa, ya kuma yi hulɗa da Daular Usmaniyya. Labarinmu ma ya ce Bayajidda ta Barno ya biyo kafin ya iso Daura. A ce daula irin wannan ta ƙare a matsayin ɗan birnin da a ke yi wa kyauta don a sami sojan haya, wannan ya fi rashin Hausa ciwo. Benin da Oyo da Asante su ma suna nan a tsaye. Abin da ya kamata a ƙi shi ne tsarin da ke sa waɗannan duka su yi ta kokawa a kan kujera guda, alhali Turai kaɗai tana da kujeru fiye da yatsun hannu.

Shiga Ko Rashin Shiga

Akwai kuma masu cewa, daga cikin gida, gara ma kada a sa mu. Ba su rasa abokan ra'ayi a duniya ba. Cikin 2013 Firaxis ya shirya sa mutanen Pueblo na Amurka da shugabansu Popé, dattawansu suka ƙi yarda a yi amfani da shi da harshensu, kamfanin ya janye ya sa Shoshone a madadinsu. Cikin 2018 aka sa Cree na Kanada da shugabansu Poundmaker ba tare da an shawarci majalisarsu ba, wani babba a cikinsu, Milton Tootoosis, ya fito ya ce wasan na koya wa mutane cewa kakanninsu ma masu mamaye ƙasar wasu ne kamar waɗanda suka mamaye su. Da aka zo kashi na bakwai sai kamfanin ya canja hali, ya zauna da shugabannin Shawnee kafin ya sa Tecumseh, aka yi aikin harshe da tufafi da su.

Wannan darasi ya fi shafar daular Sakkwato. In za a bi tsarin zamani uku, abin da hankali zai ɗauka shi ne Hausa Bakwai a zamanin tsakiya, Sakkwato a na ƙarshe, tun da ita ce daula mafi girma a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Amma wa za a sa a gaba? Mu dai ba mu ga yadda za a zana Shehu Usmanu, a sa masa murya, a sa shi yana cinikin dawaki da Napoleon ko yana roƙon sulhu bayan an ci shi da yaƙi, jama'a su ɗauka da sauƙi ba. Wannan ba shawarar da za a yanke a ofis a Amurka ba ce.

A nan ne Daura ke da wani matsayi da babu mai irinsa. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure. Cikin 1906 Turawa suka maido da Malam Musa na tsohon gidan kan gadon Daura. Abdurrahman ya gaje shi cikin 1911, ya yi shekara 55, Muhammadu Bashar ya hau cikin 1966, Umar Faruk Umar cikin 2007. Watau a cikin manyan biranen Hausa Bakwai da ke Nijeriya, Daura ce tsohon gida ya koma cikin tsohon birni. M. G. Smith ya rubuta littafi guda sukutum a kan wannan cikin 1978, ya bi sarautun fada ɗaya bayan ɗaya, Galadima da Ƙaura da Magajiya da sauransu, da yadda kowace ke taka wa sarki birki. Duk wanda ke son ya san yadda mulkin Hausa ya ke kafin jihadi, da yadda ya rayu bayansa, nan ne zai tarad da shi da rai.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne Hausa ta cancanci kujera, amma da sunan Hausa Bakwai, ba da sunan birni guda ba. Gari na farko da mai wasa zai kafa ya zama Daura, sa'an nan sauran su biyo. Baiwarta ta zama ta ciniki da ganuwa da rini da karatu, lifidi ya zo daga baya. Amina ta riga ta sami wuri, a bar ta, amma a ba ta ƙasarta. In za a ƙara wani, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulkin Kano daga 1463 zuwa 1499, ya fi kowa cikakken labari: ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira da sunansa, ya kafa majalisar Tara ta Kano.

Sai dai kamfani ba ya sa abin da bai samu a rubuce ba. Ma'aikacin da aka ba mako biyu ya haɗa bayanin wata al'umma zai ɗauki abin da ya fi kusa da hannunsa a intanet, kuma abin da ke kusa game da Daura shi ne fassarar Palmer ta shekara fiye da 100 da 'yan shafuka masu kwafar juna. Shawnee ba su fi mutanen ƙaramar hukumar Mai'aduwa yawa ba, amma suna da ofishin da a ke bugo wa waya a sami amsa. A Daura akwai majalisar Sarki, akwai kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman, mutumin da ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. A Katsina akwai Hukumar Tarihi da Al'adu da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, a Kaduna akwai Gidan Arewa. Ba a bukatar kuɗi masu yawa kafin waɗannan su haɗa ɗan littafi da Hausa da Turanci, a sa shi inda kowa zai samu kyauta, mai ɗauke da jerin Magajiyoyi da sarakuna tare da bayanin inda masana suka saɓa, da sunayen sarautu da aikin kowace, da hotunan kayan yaƙi da na hawa kowanne da sunansa na ainihi, da muryoyin tambari da kakaki da algaita kamar yadda a ke busa su a fada. Aikin akawu ne da malami, irin wanda magabatansu suka yi wa Hukumar Fassara ta Zariya sa'ad da aka tattara Labarun Hausawa da Makwabtansu.

Kafin a yi wannan, malamin da ke koyar da tarihi a Sandamu ko Zango yana iya farawa da abin da ke hannu. Ya tambayi aji ko akwai wanda ya taɓa ganin Daurama ko Amina cikin wasa. Ya rubuta 867 a gefe guda na allo, 999 a ɗaya gefen, 947 a tsakiya, ya gaya musu inda aka samo kowace, sa'an nan ya ce su kawo masa amsa ranar Litinin bayan sun tambayi tsofaffin gidansu.